Hutunmu na Jos a Tarauni

A shekarar da sojoji suka koma bariki, ni ma na ce sai na yi abin da ban taɓa yi ba. Na ɗauki hutun shekara a ma'aikatarmu, na tara yarana biyu a tsakar gida, na ce musu su haɗa kaya, za mu tafi Jos.

Autana yana sakandare a lokacin, kuma ya fi rediyon gidan surutun siyasa. Ya ce, "Mama, an kaɗa ƙuri'a a kan wannan? Ko a gidan nan mulkin soja bai ƙare ba?"

Na ce masa a gidan nan ko ranar miƙa mulki ba a sa ba, ya tashi ya wanke takalmansa.

Babbar ta ɗago ta dube ni, ta ci gaba da tsince shinkafarta. Ta samu gurbi a jami'a a Sakkwato, kuma kafin damina ta ɗauke za ta tafi. Saboda ita na shirya tafiyar, amma da za a yanka ni ba zan faɗa ba.

Ita ce 'yar farina, ni kuma cikin alkunya aka rene ni. A gidanmu mace ba ta faɗin sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an yabe shi sai ta kau da kai kamar ana zancen ɗan maƙwabta. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan yayana a bakinta ba. Ni ma haka na taso da tawa. In ina son ta, sai in ce "Ke." In ina zancenta da ƙaninta, in ce "yayarka." A makaranta in ce "yarinyar nan." Na iya kewaye sunan kamar yadda ake kewaye kwatami da damina.

Da babansu yana nan abin bai dame ni ba. Shi ɗan boko ne na ƙin ƙarawa, tun daga ƙofar gida yake ƙwala mata kira, har da jan ƙarshen sunan, tsofaffin unguwa suna ta salati. Ni aka raba wa kunya, shi ya ɗauki kiran, gida ya zauna daidai. Ya rasu tana firamare. Ƙaninta Yaya yake ce mata. Sai wata rana ina wanke-wanke na lura cewa shekara da shekaru ke nan ba a faɗi sunan yarinyar nan a cikin gidan ubanta ba, sai in ƙawayenta sun yi sallama. Ga shi za ta tafi garin da kowa zai kira ta da shi, daga malamai har masu sayar da burodi. Ban so ta bar gidana ba ta taɓa jin sa a bakina ba.

To amma a Gyadi-Gyadi ba zan iya ba. Katangar gidanmu gajeriya ce, kunnen maƙwabta kuma dogo. Sai na ce bari mu je inda ba a san mu ba, inda Bahaushiya za ta kira 'yarta da suna a bakin titi ba wanda zai waiwayo. Dabarar ke nan gaba ɗayanta. Mace mai digiri, mai ofis da fanka, sai ta kwashi yara ta haye duwatsu kafin ta furta kalma ɗaya.

Matsalar farko ita ce a unguwarmu ba a tafiya haka kawai. Maƙwabciyarmu Hajiya, tsohuwar da ta yi mini wankan jego na yaran duka biyu, ta leƙo ta katanga ta ga akwatuna.

"Inna lillahi. Wa ya rasu?"

"Ba kowa, Hajiya."

"To biki ne?"

"A'a."

"Asibiti za ku? Waye ba lafiya?"

"Hutu za mu je kawai."

Ta kalle ni. Ta ce, "Hutu. Gadajen gidan naku karyewa suka yi?"

Kafin la'asar labari ya zaga layi, kuma ashe duk wanda ke Gyadi-Gyadi yana da ɗan uwa a Jos. Saƙo ya fara shigowa. Ƙullin kuka, daddawa, kilishi a takarda, turaren wuta na wata amarya, tabarmar sallah, har da zakara mai rai da aka ɗaure wa ƙafa, wai na surukin mai shagon bakin layi ne. Kowa ya ajiye nasa sai ya faɗi tsarabar da yake so, dankalin Turawa, kabeji, karas. Mu da za mu je hutu muka zama motar gidan waya.

Ranar tafiya aka yi mana rakiya kamar masu zuwa hajji. Hajiya ta dafa tsohuwar Fijon marigayi ta yi addu'a mai tsawo, ta share hawaye da bakin mayafi. Ni kuwa na zauna a bayan sitiyari da tabarau, ina ɗaga hannu. Ban manta ba har cewa na yi su ji da zafin Kano, mu mun tafi shan iska.

Yayana yana da gida a Tarauni, kuma mukullin yana hannuna. Ya tsaya takarar kansila ya sha ƙasa, sai ya kwashi iyalinsa ya tafi Abuja, wai a can ake rabon muƙamai, gara a raba yana kusa. Na ce bari mu biya mu duba gidan tunda hanya ce. Muka duba, komai lafiya. Muka dawo mota, na murɗa mukulli, ta yi tari sau biyu ta yi shiru. Na sake murɗawa, ko tarin ma ta ƙi.

Bakaniken da auta ya samo ya buɗe gaba, ya leƙa, ya tsotsi haƙori. Ya ce ƙaramin abu ne, zai samo shi a kasuwar Ƙofar Ruwa, gobe da safe sai dai a ga ƙurarmu.

Auta ya ce, "To mu koma gida mu kwana mana. Acaɓa biyu ya ishe mu."

Na tuna addu'ar Hajiya, na tuna tabarau, na tuna "ku ji da zafin Kano." Na ce ba inda za mu, nan za mu kwana, ai gobe ne.

Goben bakanike kuwa irin ta 'yan siyasa ce, kullum tana hanya. Ranar farko kayan bai dace ba. Ta biyu mai shagon ya tafi ɗaurin aure. Bayan nan ma na daina tambayar dalili. Kowace safiya mu ɗaure kaya, kowace yamma mu kwance. Da kwana ɗaya ne da mun koma gida an yi dariya an wuce. Amma wanda ya kwana uku a Tarauni da sunan Jos, da wane baki zai koma?

Haka muka yi hutunmu a gidan da in ka hau katangarsa kana hango tankin ruwan unguwarmu. Auta ne ya gano haka, kuma kullum sai ya hau ya ba da rahoto. "Jama'a, daga nan tsaunin Jos ana hango Gyadi-Gyadi. Da alama suna fama da zafi."

Gidan cike yake da ragowar fastocin yayana, ɗauri-ɗauri har saman silin. Fuskarsa ce a ko'ina, yana murmushi, ya ɗaga yatsa, an rubuta alkawarin ruwa da wuta a ƙasa. Gidan kuwa ba ruwa ba wuta. Da fuskarsa muke fifita, ita muke shimfiɗawa mu ci abinci, da ita muke hura gawayi. Babbar ta ce kawu bai taɓa yi wa jama'a aiki kamar na wannan makon ba. Na yi dariya har na ƙware. Rabon da in ji ta yi ba'a a gabana na manta. A gida kullum tana ɗaki da littafi, ni ina kicin, maganarmu ba ta wuce an ci, an sha, an rufe ƙofa.

Ba ma fita da rana sosai, don kar mu haɗu da idon sani. Ni da ban taɓa ɓuya wa kowa ba, sai ga ni ina jan mayafi har hanci in zan sayi tumatir. Zakaran surukin mai shago kuma ba ya taya mu ɓuya, cara yake yi ba dare ba rana. Kilishi ya fara kiran auta da suna. Na ce saƙo amana ne, wanda ya taɓa sai na saɓa masa, amma ni kaina na rasa yadda zan yi da kayan.

Babbar ce ta ce, "Mama, kawo in kai tasha. Direbobin Jos suna karɓar saƙo."

"Ke kin san tasha ne?"

"Na sani."

Ta ɗaure komai, ta rungumi zakara, suka fita da ƙaninta. Kafin azahar sun dawo hannu biyu. Auta ya ce in ga yadda Yaya ta tsare direba, ta sa ya maimaita kwatancen kowane gida, har ya ce mata ko lauya za ta karanta. Ya ƙara da cewa ta san inda motocin Sakkwato suke lodi, ta san wadda ke tashi da sassafe, ta san kujerar da rana ba ta duka. Ashe ta daɗe da zuwa ta tambaya. Na ce madalla. Ni ina nan ina lissafin yadda zan buɗe baki, ita har ta zaɓi kujera.

Ba wai ban gwada ba. Tarauni ba Jos ba ce, amma ba wanda ya san mu a layin, katangar yayana kuma doguwa ce, irin ta mai shirin zama babban mutum. A banɗaki nake gwaji. In rufe ƙofa, in faɗi sunan a hankali ina kallon bokiti, ya fita sumul. In fito in gan ta tana shanya, in ja numfashi, in buɗe baki, sunan ya taho har bakin haƙora, sai in ji na ce, "Ke, kin ga ashana?" Ashanar da na tambaya a makon nan ta isa a buɗe shago.

Wata rana da hantsi aka tsuge da ruwa. Auta ya tafi sa ido a kan bakanike, ruwa ya tsare shi a can. Muka rage mu biyu a baranda. Na ce ta kawo kanta in yi mata kitso, kar ta je jami'a da kai kamar sheƙar tsuntsu. Ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafuna, ta jingina da gwiwata. Tun tana ƙarama ban kitsa mata ba, gidan mai kitso nake tura ta. Gashin babanta ne, mai cika da taurin tsiya.

Muna cikin haka ta ce, "Mama, wa ya zaɓa mini suna? Baba ne?"

Na ci gaba da tsaga. Na ce, "Ni ce."

Ta so ta juyo, na danne kan.

"Ke?"

"Ana gobe suna ya shigo ya tambaye ni a ɓoye. Ya ce shi ya rasa na zaɓa. Na faɗa masa, ya fita ya ce wa mutane shi ya ga dama."

Ta yi 'yar dariya. Can ta ce, "Ikon Allah. Ke kika zaɓa, kuma ke kaɗai ce ban taɓa ji a bakinki ba."

Ba da zafi ta faɗa ba. Da da zafi ne ma da ya fi mini sauƙi, da na yi faɗa na huta. Hannuna yana cikin gashinta, ba ta ganin fuskata, ruwa yana dukan kwano ba mai jin mu. In akwai lokacin da ya dace a duniya, shi ne wannan. Na buɗe baki.

"Salamu alaikum! Mutanen Jos, kuna ciki?"

Hajiya ce, da lema, da kwanon tuwo a ɗaure cikin ɗankwali. Ta shigo tana karkaɗe ruwa, ta zauna a kan fuskar yayana ba tare da ta duba ba.

"Sannunku da hanya. Ya sanyin garin? An ce har ƙanƙara ake yi."

Na ce, "Hajiya, mota ce ta..."

"Na sani. Ɗan acaɓan da ya kai yaran nan tasha da zakara jikan ƙanwata ne. Tun ranar nan duk layi ya sani. Mun dai ce a bar ku ku huta, tunda hutu kuka ce." Ta kwance ɗankwalin. "Na ce mutanen da ke baƙon gari sun yi kewar miyar kuka."

Sai ta juya ga yarinyar, ta kira ta da sunanta, ta sake kira, har da kirari, ta ce kitso ya yi kyau. Sunan nan da na kwana ina gwadawa a gaban bokiti, a bakin Hajiya kamar ta ce a miƙo mata ruwa. Ta dube ni ta ce, "Ke kuma yau kitso ake yi wa 'yar fari? To, zamani. Soja ma ya sauka." Na ji kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, na sunkuya na ƙarasa kitson. Haushi kuwa kamar in fashe, kuma na rasa wa zan ji wa, tsohuwar da ta ratso ruwa da tuwo ko ni.

Mota ta tashi ana jibi hutuna zai ƙare. Muka biya kasuwar 'Yankaba muka sayi dankali da kabeji da karas, waɗanda mai sayarwa ya rantse daga Jos aka sauke su da asuba. Ko ba komai tsarabar ta je inda ba mu je ba. Muka shiga layi, yara suna ihun oyoyo, manya suna tambayar hanya da fuska a ɗaure. Mai shago ya ce surukinsa ya aiko da godiya, zakara ya isa lafiya, ya ce kuma ya yi mamaki da bai gan mu ba. Na ce garin ne da girma.

Ranar tafiyarta Hajiya ta ce uwa ba ta raka 'yar fari, in bari ita da auta su kai ta. Na ce ai direba ake bukata, ni kuma ni ce direba. Ta kalle ni, ta bar maganar.

Tasha cike take, 'yan kamasho suna ta kiran garuruwa. Na tsaya a jikin Fijo, wai ina gadin ta. Auta ya kai akwati aka ɗaure a sama. Yarinyar ta durƙusa ta ce in yafe mata, na ce ba ta yi mini komai ba, Allah ya tsare, ya ba da abin da aka je nema. Ta tashi ta juya, ta nufi motar da jakarta a kafaɗa, kitson da na yi mata yana leƙowa ta ƙasan ɗankwali.

Ina kallon bayanta sai na ga nan ma ai ba wanda ya san ni. Ga Jos ɗin da nake nema, a tsakiyar hayaƙi da ihun 'yan kamasho. Ban tsaya tunani ba, don tunanin ne yake kashe ni kullum. Na ɗaga murya na kira sunan 'yata.

Ya fita da ƙarfi fiye da yadda na yi niyya, har da jan ƙarshen irin na babanta. Wata mata mai goyo ta waiwayo. Wata ɗaliba da ke cikin motar ta leƙo ta taga. Wata yarinya mai tallan gyaɗa ta ce "Na'am!" ta taho da gudu. Sunan ba baƙo ba ne a Kano, na san da haka tun ranar da na zaɓe shi.

Tawa ba ta juyo ba. Ko tafiyarta ba ta canja ba. Ta ji ana kiran wata mai irin sunanta, da muryar da ba ta taɓa kiran ta da shi ba, ta ci gaba da abin da ke gabanta. Ba laifinta, ni na koya mata. Abin ya soke ni a ƙirji.

Har ta sa ƙafa ɗaya a mota. Na ce, "Ke!"

Nan take ta juyo, cikin duk hayaniyar nan, kamar na taɓa ta da hannu. "Na'am, Mama?"

Mutane suna kallo. Na ce, "Ki riƙa cin abinci."

Ta yi murmushi ta ce to. Ta shiga ta zauna a kujerar da rana ba ta duka. Mota ta ja, ta ɗaga mana hannu har suka fita daga ƙofar tasha, auta yana bin su da gudu yana ihun a gaida gwamnan Sakkwato.

Da na sauke ido sai na ga mai gyaɗar nan tana tsaye a gabana, ta sauke farantinta, tana jira.

"Hajiya, ke kika kira ni."

Na ce, "E, ni ce." Na sa ta ƙulla mini, na karɓa, na shiga mota na zauna da ƙullin a cinya har auta ya dawo.